Ruwan da Kaka Lami Ta Ƙi Sha

Likita ya ce in riƙa shan ruwa da yawa, wai ƙodata ta fara gajiya da ni. Ban yi masa musu ba, don ni ma na gaji da ita. Abin da ban gaya masa ba shi ne ruwan ne ba ya wuce mini. Yanzu a Dutse Alhaji ruwa iri biyu ne, na leda da ake yagawa da haƙori, da na 'yan garuwa da suke turowa a kura, jarkoki suna ƙugi kamar cikin mai jin yunwa. Na ledar in ya sha rana, ledar kake sha. Na jarkar kuwa, Allah kaɗai ya san abin da jarkar ta fara ɗauka kafin ta tuba ta koma ɗaukar ruwa. Ina zaune da kofi a hannu ina jujjuya shi kamar maganin ɗaci, jikokina suna dariya wai tsoho ya fara rigima, sai na tuna ashe ba a kaina aka fara ba. Gado na yi. Kakata ta wajen uwa, Kaka Lami, ta taɓa kusan mutuwa da ƙishirwa alhali ga famfo a ƙofar gidanta, kuma ni aka bar wa jinyar.

Ƙauyenmu yana can ta wajen Jabi, tun ba a tare rafi an yi tafkin da samari ke zuwa ɗaukar hoto a bakinsa yanzu ba. Ubana Bazazzagi ne mai ɗan teburin gishiri da kananzir da ashana, uwata kuwa 'yar Gbagyi ce. Ta rasu ina rarrafe, shi ma bai daɗe ba ya bi ta, sai na tashi a hannun Kaka Lami da ƙanwar uwata, Inna Asabe. Makaranta na leƙa ta kamar yadda akuya ke leƙa ɗakin girki, aka jefe ni na fito, saboda haka in kun ga rubutun nan yana ɗingishi kada ku zargi kowa. Abin da na ƙware a kai shi ne satar gwaiba, da kwaikwayon tafiyar dattawa a bayansu, da ɓacewa duk sa'ad da aka ce ga aiki. Da safe ba zakara ke tashe ni ba, muryoyin mata ne suna gangarawa idon ruwa, ana kiran sunan wadda ta makara, ƙoruna suna karo da juna. Idon ruwan yana gindin wani dutse, da ɗan nisa daga gidaje, kuma wurin mata ne, namiji ba ya zuwa sai in yana so a sa shi a waƙa. Matanmu ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, don Kaka ta ce kan da yake yi maka tunani bai kamata ka sa shi dako ba. Ni dai in na farka randa a cike take. In tsoma moɗa, in sha, in goge baki, in fita. Ban taɓa tambayar yadda ruwan ya iso ba. Yaran yanzu ko ba komai sun san fuskar mai turo musu ruwa, ni ko wannan ban damu in sani ba.

Sai aka fara raɗe-raɗin wai gwamnati za ta bar Legas ta dawo dajinmu. Muka yi ta dariya, har aka ga wasu mutane da dogayen sanduna da madubi mai ƙafa uku suna leƙen gonakinmu, suna kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar doya. Daga nan dariya ta ragu. Ni kam, a lokacin gemuna ya fara tsirowa, murna nake yi, don na samu aikin lebura wajen wani ɗan kwangila, ina ɗaukar kwanon kankare, ina cewa oga da safe oga da yamma, ina jin kamar ni ne zan gina birnin. Aka kwashe mu a manyan motoci cikin damina aka sauke mu nan bayan Dutse, kan hanyar Bwari, a gidajen kwano da aka jera kamar haƙoran mataji. A tsakiyarsu an haƙa burtsatse an sa masa famfon hannu. Mata suka yi guɗa, Inna Asabe har da rawa, ta ce kafaɗarta ta huta. Ni na fara buga famfon na cika moɗa na kai wa Kaka, ina yi mata wasan da jika ke yi da kakarsa.

"Amarya, ga ruwan birni. Daga yau kin zama matar ma'aikaci."

Ta karɓa ta kai hanci, ta ɗan kurɓa, ta furzar a ƙafata.

"Maigida, wanke wuƙa aka yi da shi?"

Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ta damu da raba namiji da mace ba, amma in za ta yi zagi ba ta kuskure. Muka yi dariya, ita ma ta yi. Gaskiya ruwan yana da wani ƙarni kamar ka lashi ƙusa, in ya kwana a bokiti kuma sai ya yi ja-ja a ƙasa. Mu muka saba cikin 'yan kwanaki, yunwa da gajiya ba sa barin mutum ya tsaya zaɓe. Ita ta jera tukwane a tsakar gida tana tarar ruwan sama, shi take sha, shi ake dama mata kunu da shi. Ba ta yaba shi, amma yana wucewa.

Da damina ta ɗauke, tukwanen suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, nan wasa ya ƙare. Na ɗauka taurin kai ne, irin na tsofaffi da aka raba da kabarin mazajensu. Amma na gani da idona tana ƙoƙari. Takan riƙe moɗar da hannu biyu, ta rufe ido, ta haɗiya, kafin ta ajiye moɗar ya dawo har da abin da ta ci. Inna Asabe ta dama kunu da ruwan famfo ta ce na sama ne, cokali ɗaya Kaka ta kai baki ta ture kwanon. Muka koma lemo da rake, ina ɓare mata tana tsotsa, amma nawa tsohuwa mara haƙori za ta tsotsa a irin ranar da ake yi bayan damina? Leɓenta ya tsattsage. Idanunta suka faɗa. In ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda, ba ta komawa. Muka goya ta zuwa ɗan asibitin da ke bakin hanya aka yi mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo har ta ce mini ruwan birni ɓarawo ne, ƙofa tana nan amma ta taga ya shigo. Nas ɗin ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan'uwa, wannan ba abin da za a yi ta yi ba ne. Jijiyar hannunta ma da ƙyar na samu. In ba ta sha da bakinta ba, ku shirya."

Ban san yadda ake shiryawa ba. Mutum ɗaya nake da shi a duniya da ya san ni tun ban san kaina ba, ga shi kuma yana bushewa a gabana kamar kuɓewa a kan rufi, ga famfo a waje yana ta kuka ƙiƙi-ƙaƙa yara suna wasa da ruwa.

A ɗakin da ke jikin namu akwai wani malamin sakandare da aka turo sabuwar makaranta, Ticha Bulus, mutumin kudancin Kaduna, siriri mai tabarau ɗaure da zare. Kimiyya yake koyarwa. Kafin wannan lokaci ba abin da ke haɗa mu sai tsokana, ina ce masa mai dafa ruwa a kwalba, yana ce mini injiniyan kwano. Ranar da muka dawo daga asibiti ya same ni zaune a bayan ɗaki ina kallon ƙasa, ya zauna a kan bulo ya ce in gaya masa komai. Da na gama sai ya ce, "Tanko, bari in faɗa maka abin da nake faɗa wa 'yan aji ɗaya. Ruwa shi kansa ba shi da launi, ba shi da ƙanshi, ba shi da ɗanɗano."

Na ce, "Ticha, kakata tana mutuwa, kai kana ce mini abin da ke kashe ta babu shi."

Ya ce in yi haƙuri in ji. Wai ruwa iri ɗaya ne a duk duniya, na sama da na rijiya da na rafi da na teku. Wasu iskoki biyu ne suka haɗu suka haife shi, haidurojin da oksijin, ɗaya tana kama wuta, ɗaya tana hura ta, ɗansu kuma shi ke kashe ta. Na ce wannan gida ba zaman lafiya. Bai yi dariya ba. Ya ce abin da ya kamata in riƙe shi ne ruwa ba ya wuce abu ya bar shi yadda ya same shi. Duk inda ya bi sai ya narkar da ɗan wani abu ya tafi da shi, dutse ne, ƙasa ce, ƙarfe ne, har iska. Abin da ya ɗauko a hanya shi harshe yake ji. Ya ɗauko cokali biyu, ya zuba guntun ruwan saman da ya rage a ɗaya, na famfo a ɗaya, ya ɗora a kan risho har suka ƙafe. Cokalin ruwan sama ya fito kusan tas. Na famfo ya bar wani tabo ja-ja da fari-fari a gefe. Ya miƙo mini ya ce, "Ga abokin gabarta. Ƙarfe ne daga cikin ƙasa. Ba ruwan ta ƙi ba, wannan ta ƙi."

Na yi shekara da shekaru ina jin mutane suna magana, amma ban taɓa jin maganar da ta ɗaga ni tsaye kamar wannan ba. In abin da ke cikin ruwan ne, ai sai a cire. Muka shiga aiki kamar mahaukata. Muka huda gindin tsohon bokiti muka jera tsakuwa da yashi da gawayi muka tace. Muka bar wani ya kwana a buɗe jan ya kwanta muka tsiyaye. Muka sa alif. Duk wanda na kai mata sai ta shinshina ta kau da kai. A ƙarshe Ticha ya ce mu yi wanda ba abin da zai rage a ciki. Ya tafasa tukunya, muka riƙa tarar tururin a murfi mai sanyi, ɗigo-ɗigo yana gangarawa cikin kofi, wuni guda muna ƙona yatsu kafin mu tara abin da zai jiƙa maƙogwaro. Na kai mata kamar mai ɗauke da jariri. Ta kurɓa ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar, sannan ta ce, "Wannan ba kowa a ciki." Kurɓa ta biyu ta dawo.

Ticha ya cire tabarau ya goge ya ce to an gane, ba cirewa kaɗai ba ce, akwai abin da idon ruwanku yake sa wa ruwa wanda jikinta ya saba da shi, wataƙila daga dutsen ne. Ya tambaya ko idon ruwan yana nan. Na san yana nan, don tifar da nake bi zuwa aiki tana wucewa ta kusa. An rushe gidajenmu, an baje gonaki, amma katafila ba ta kai gindin dutsen ba tukuna. Ya ce kada in ɗebo a jarka, jarka za ta sa nata. Na samo sabon tulu, na wanke, na roƙi direban tifa, na roƙi maigadin da aka sa a wurin har da ce masa baba alhali sa'ana ne. Na durƙusa a wurin da ban taɓa durƙusawa ba ina yaro, na cika tulun, na toshe bakinsa da totuwa, na rungume shi a bayan tifa har gida. Mutanen layinmu suka taru a ƙofa. Inna Asabe ta tallafo kan Kaka, ni na riƙe moɗar.

"Amarya, buɗe baki. Na gida ne. Ni na ɗebo da hannuna."

Ta buɗe ido ta dube ni, ta sha. Ta tsaya. Sai na ga hawaye yana son fitowa amma babu ruwan da zai yi shi.

"Maigida, har kai za ka yi mini ƙarya? Ba shi ba ne."

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin uwata. Ta juya fuska bango. Waɗanda suka taru suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ina jin wata tana cewa a ƙofa ai tsohuwar ta riga ta tafi, jikin ne ya rage. Ticha Bulus ya ɗanɗana ruwan ya ce mai kyau ne, ya fi na famfo nesa ba kusa ba, ya tsaya yana kallon tulun, ya ce shi iyakar abin da ya sani ke nan. Inna Asabe ta aika a gaya wa dangi a Kuje su fara tahowa. Ni na fita bayan gari na zauna a kan dutse, na zagi masu awon ƙasa, na zagi katafila, na zagi kwanon kankaren da nake ɗauka, na zagi kaina da na yi murna ranar da aka kafa jan turke a gonarmu.

Washegari hankalin Kaka ya fara yawo. Tana kiran sunayen matan da suka mutu tun ina goye, tana cewa su jira ta, rana ta yi. Ta riƙa lalube a gefen tabarma tana cewa, "Ina ƙwaryana? Ku ba ni shi in je da kaina. Maza ba su iya ɗiban ruwa ba." Babbar ƙwaryarta tana rataye a bango tun ranar da muka sauka, ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagarta da zare. Ba wata dabara ce ta zo mini ba, kada in yi wa kaina kirari. Abin yi ne ya ƙare, zama in kalle ta kuma ba zan iya ba. Na sauke ƙwaryar na ce mata, "Kwanta, yau ni ce matar gidan." Na ce a raina zan yi yadda take yi, ƙwarya a kafaɗa, ƙafa a ƙasa, in ya so in na dawo na tarar an rufe ta, aƙalla ba a zaune labarin ya same ni ba.

Da na isa, katafila ta riga ta matso. An tuge itatuwan da ke kewaye da idon ruwan, suna kwance saiwoyinsu a sama, ruwan dai yana ta fitowa abinsa bai san me ake ciki ba. Na cika ƙwaryar na ɗaga ta kafaɗa. Taku kaɗan na yi ruwan ya fara tsalle, ya mare ni a kunne, ya gangara cikin riga. Na koma na cika, na sake tashi, ya sake zuba. Leburori 'yan'uwana da ke kan tulin ƙasa suka hango ni suka fara tafi, wani yana cewa a kawo lefe, Tanko ya samu miji. Ban ko ɗaga kai ba. A cikowa ta uku ne wata mata 'yar Gbagyi da ke sarar itacen wuta a cikin itatuwan da aka kayar ta ajiye gatarinta ta zo.

"Kai ɗan wane gida ne da ba a koya maka komai ba?"

Na ce jikan Lami ne.

"Lami tana da rai?"

Na ce da saura kaɗan.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta je jikin wani malmo da ke kwance, itacen nan mai son bakin ruwa mai 'ya'ya baƙaƙe, ta zage ganye cike da hannu, ta ɗan murza a tafinta, ta watsa a kan ruwan har ya rufe. Ta gyara mini zaman ƙwaryar a kafaɗa, ta buga mini baya ta ce in taka a hankali kamar mai ciki. Ruwan ya kwanta. Ashe haka suke yi tun kakanni don kada ya zube, in sun kai ƙofar gida su kwashe ganyen su yar kafin su juye a randa. Ni da nake barci a lokacin, ina zan gani?

Tafiyar nan ba zan iya ba da labarinta daidai ba. Daga Jabi zuwa bayan Dutse a ƙasa, rana a tsakiyar ka, tifofi suna wucewa suna busa mini ƙaho, kafaɗa ta mutu na koma ɗayar ita ma ta mutu. Ƙishirwa ta kama ni har harshena ya manne, ga ruwa a jikin kunnena yana motsi, ban taɓa ba. Duk wanda na hango daga nesa yana tahowa sai in ce shi ne aka aiko ya gaya mini. Na iso bayan la'asar, ƙafafuna sun fashe. Ban ji kuka ba, sai na shiga.

Inna Asabe ta taimaka mini na sauke ƙwaryar a gefen tabarma, ta sa hannu za ta kwashe ganyen. Kaka da tun safe ba ta san wanda ke kanta ba, sai na ga hancinta yana motsi. Ta buɗe ido. Ta ce, "Wa ya je rafi?" Ban jira moɗa ba, na ɗebo da tafin hannu na kai mata baki. Ta lasa. Ta kama hannuna da nata biyu, ban san tana da sauran wannan ƙarfi ba, ta shanye ta lashe tafin. Na ɗebo a moɗa ta sha rabi, muna jira ya dawo, bai dawo ba. Ta sha sauran. Inna Asabe ta zauna daɓas a ƙasa da jiƙaƙƙen ganye a hannunta tana cewa, "Ganye ai ba don sha ake sa shi ba. Don kada ya zube ne. Wa zai ce ganye?" Ticha Bulus da ya shigo a bayana ya karɓi ɗaya ya murza ya shinshina, ya ce, "Na ce maka duk abin da ruwa ya taɓa sai ya ɗauka. Ni dutse na yi ta tunani. Ban san yana tafiya da ganye tun daga rafi har gida ba." Na ɗanɗana ni ma. Wani ɗan bauri ne mai sanyi a bayan harshe, da ƙanshi kaɗan, abin da na sha tun haihuwa ban san ina shansa ba.

Ƙwarya ɗaya ba ta raya mutum. Muka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, da ruwan ya kusa ƙarewa na sake bin tifa da ƙwaryar a cinya. Na sauka na rasa inda nake. Dutsen yana nan, amma gindinsa jar ƙasa ce shimfiɗe an daddaɓe, wata mota mai ƙatuwar gangar ƙarfe tana kai da komo a kai. Na tambayi maigadi ina idon ruwan, ya nuna ƙarƙashin motar da haɓa ya ce titi ne zai bi ta nan. Na tsaya riƙe da ƙwarya kamar wanda ya zo biki bayan an watse. Malmon yana gefe an ture shi cikin rami, matan itace sun sare rassansa, sai wani reshe guda da ya maƙale a ƙasa da ganye ya fara yaushi. Na shiga ramin na zage duk abin da zan iya na cusa a riga.

A hanyar dawowa na gama shirya ƙaryata. Na laɓe a ɗakin Ticha, muka tsiyayo ruwan famfon da ya kwana jansa ya kwanta, muka bi da shi ta gawayi, na juye a ƙwarya na murza ganyen na watsa. Ticha ya ce in ba ganyen lokaci ya jiƙa. Muka zauna muna kallon ƙwarya. Ya ce, "In ta ƙi fa?" Na ce ya yi shiru. Da na ga rana ta karkata na shafa ƙasa a ƙafa, na yayyafa ruwa a goshi, na ɗora ƙwaryar a kafaɗa na shiga ina nishi kamar wanda ya taho daga Jabi.

Tana zaune ta jingina da bango, karo na farko da ta zauna da kanta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Maigida, gumin naka bai da wari."

Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga hannu.

"Sun rufe shi?"

Na ce sun rufe.

Ta daɗe tana kallon ƙofa. Inna Asabe ta tsaya da tsintsiya a hannu ba ta motsi. Sannan Kaka ta ce in miƙo moɗa. Na ɗebo na miƙa mata. Ta ture ganyen gefe da yatsa, ta shinshina, ta kurɓa ta riƙe a baki tana juya shi. Ta haɗiye. Muka jira. Ta sake kurɓa, wannan karon babba.

"Ganyen na gida ne," in ji ta. "Ruwan baƙo ne. Za su saba."

Ta miƙo mini moɗar ta ce in ƙaro, in kuma na gama in je in wanke ƙafata, na ɓata mata ɗaki da ƙasa.